Yadda za ka kai iyalinka Haɗejiya ta kogi

Mutumin da ya tashi a ƙauyukan Auyo, Miga ko Kafin Hausa ya san kwale-kwale, amma yawanci a matsayin abin fito ya san shi: a tsallaka zuwa gona, a tsallaka zuwa kasuwa, shi ke nan. Ɗaukar mata da yara a bi tsawon kogi har a sauka a Haɗejiya wani abu ne daban, kuma yana yiwuwa cikin kwanciyar hankali idan aka gama shirin tun a tudu. Mafi yawan abin da ke sa tafiyar ta yi daɗi, ko ta ɓaci, ana yanke shi ne kafin kowa ya sa ƙafa a jirgi.

Fara da sanin kogin

Kogin Kano da na Calawa ne suke haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya gangaro ta ƙasar Ringim da Miga da Auyo, ya wuce ta kudancin garin Haɗejiya, sannan ya rarrabu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru. Can wajen Gashuwa yake gamuwa da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi. A taswira sai ka ɗauka hanya ce guda ɗaya santal, ka shiga a Wudil ka fita a Haɗejiya. Ba haka take ba.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Calawa a Ƙaraye a 1992, kogin ya daina bin tsohuwar al'adarsa ta cika da damina ya ƙafe da rani. Yanzu akan sako ruwa ko da rani, kuma wannan ruwan da ba ya yankewa shi ya ba ciyawar kacala wurin zama. Ta toshe rassa da dama, wani wurin da kakanka ya bi da jirgi yau ko kare ba zai ratsa ba. Sannan akwai madatsar aikin noman rani ta Kwarin Haɗejiya a yankin Auyo, wadda ta datse kogin, ba a wuce ta da jirgi, ba a ma kusantar ƙofofinta.

Saboda haka shawarata ita ce a gajarce tafiyar. Ka zaɓi mashigi ɗaya da ke ƙasa da madatsar, wanda matuƙi zai ce maka daga nan zuwa Haɗejiya ba zai wuce awa biyu zuwa uku ba. Idan daga ƙasar Kano kuka taso, ku zo da mota ta Gujungu, ku kwana wurin 'yan'uwa ko a cikin gari, da safe a kai ku mashigin. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya jure zaman katako fiye da haka, kuma yaron da ya gaji shi ke miƙewa tsaye a jirgi.

Lokacin da ya dace

Kada ka kuskura da marka. Daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba kogin yana tumbatsa, ya haye gaɓa, ya shafe gonaki, har matuƙi ya kasa bambance ainihin hanyar ruwa da gonar shinkafa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a wannan yanki ba sai an yi masa bayani ba. A irin wannan lokaci kututture da shingen gona duk suna ƙarƙashin ruwa, ga hadari da ke haɗowa cikin ɗan lokaci da iska mai ƙarfi.

Lokacin da na fi so shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Sama ta ɗauke, ruwa ya koma cikin gaɓarsa amma bai janye ba, ƙarfinsa ya ragu, kifi ya wadata, tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai sun fara sauka a fadama. Daga Janairu ana iya yi, sai dai sanyin safiya a kan ruwa ya fi na tudu nesa ba kusa ba, ga hazo. Da bazara kuwa za ku sha rana, kuma a wasu wurare sai maza sun sauka sun tura jirgi a kan yashi.

Akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi. Kogin yana gangarawa ne zuwa arewa maso gabas, iskar hunturu kuma daga can take tasowa. Ke nan mai zuwa Haɗejiya ruwa na tura shi gaba, iska na dukan fuskarsa. Da hantsi ya ɗaga iskar takan ƙara ƙarfi, ta tayar da 'yan igiyoyi masu fantsamo ruwa cikin jirgi. Ku tashi da zarar gari ya waye sosai, rana ta fito, ana ganin gaɓa da gaɓa. Ba da asuba ba.

Neman matuƙi

Nan ne zan daɗe, domin duk sauran shirin a kansa ya rataya.

Ka je mashigin kwana biyu ko uku kafin ranar, kai kaɗai. Kada ka fara da yaran da ke zaune bakin ruwa suna kiran fasinja. Tambayi gidan Sarkin Ruwa ko Sarkin Fito na garin, ka yi sallama, ku gaisa a tsanake. Sannan ka faɗi buƙatarka filla-filla: "Sarki, Allah ya ja da ranka, iyali nake so in kai Haɗejiya ta ruwa. Mu takwas ne, huɗu yara. Dattijo nake nema wanda ya bi hanyar nan bana." Kalmar "bana" ita ce ginshiƙin maganar. Kacala na sauya hanya shekara-shekara, wanda rabonsa da hanyar tun bara waccan baƙo ne kamar kai. Kuma matuƙin da Sarkin Ruwa ya haɗa ka da shi ya san akwai wanda zai tuhume shi idan ya yi ganganci.

In an kawo shi, ka yi masa tambayoyin da amsarsu za ta nuna maka ko ya san aikinsa. Ina ne ruwa ya fi ƙarfi? Ina masunta suka kafa dumba, wato shingen kama kifi, ko suka shimfiɗa ragar kalli? Idan yaro ya matsu, a wane gari za a iya tsayawa? Wanda ya sani zai lissafo maka wurare da sunayensu, har ya gaya maka inda shi kansa ba ya so. Wanda ya ce "ai ba komai, Alhaji, Allah na nan" ga kowace tambaya, ka yi masa godiya ka nemi wani. Allah na nan, amma raƙumin ma sai an ɗaure shi ake tawakkali.

Sai ciniki. Shata za ka ɗauka, jirgin gaba ɗaya, kuma ka faɗa da bakinka a gaban Sarkin Ruwa cewa ba za a ƙara mutum ko buhu ko babur a hanya ba. Ka sa kuɗin komawarsa a cikin lissafi, domin zai hauro ruwa ba fasinja, kuma haurowa ta fi gangarawa wuya. Idan ka matse shi a nan, zai rama ta hanyar ɗibar mutane a gaɓa. Ka ba da rabin kuɗi, sauran sai an sauka. Ka nemi su zama su biyu, ɗaya a baya yana tuƙi, ɗaya a gaba yana duba hanya yana kwashe ruwa.

Kada ka shiga jirgin ranar kasuwa da iyali ko da kyauta ne. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgin da ya ɗauko ɗaliban Islamiyya daga Badau za su Mauludi ya kife, aka rasa rayuka da yawa, akasarinsu yara. Ruwan madatsa ne, ba ambaliya ba, kuma lodin da ya wuce kima na cikin abin da aka fi ambata.

Duba jirgin da idonka

Ka ce a nuna maka shi a cikin ruwa, ba a kife a tudu ba. Shiga ciki, ka tsuguna, ka bi haɗin katakan da hannu. Jirgin katako ba ya rasa ɗan tsattsafo, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin gudu shi ne inda ka ga ruwa na ɓulɓulowa, ko liƙin tsumma da kwalta ya ɗago, ko katakon da farcenka ke shiga cikinsa. Ka sa a kwashe ruwan cikinsa tas, ku koma inuwa ku yi hira kamar rabin awa, ka dawo ka ga nawa ya taru.

Na inji ko na hannu? Na inji ya fi sauri, ya fi kuma dacewa idan za ku dawo ta ruwa, amma ciyawa na naɗe farfelarsa, ƙararsa kuma na korar tsuntsaye tun daga nesa. In na inji ne, ka tabbata akwai filafili biyu da doguwar gorar tuƙi a ciki, da man da zai kai ya dawo har da saura. Ni dai ga tafiyar gangara ta 'yan awoyi, na hannu na fi so, mai faɗin ciki.

Ma'aunin lodi mai sauƙi ne. Bayan kowa ya zauna da kayansa, ka sa hannu ta waje ka auna daga bakin jirgi zuwa ruwa. Idan bai kai ɗani guda cikakke na babban mutum ba, a rage kaya ko a raba mutane jirgi biyu.

Rigar ruwa da sauran kaya

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta sa rigar kariya, ta kuma hana tafiyar dare. A mashigan ƙauye da wuya ka tarar da rigar, in ma akwai, ta manya ce. Don haka ka nemo naka tun daga Kano ko ka yi aro, kowa da tasa daidai jikinsa. Gwajin ta yaro: ka ɗaura masa, ka ja maɗaurai, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga sama. Idan ta haura kunnuwansa, a ruwa zai zame ta ƙasa ya bar ta. Mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu ita ce ta yara.

Ga iyaye mata, rigar a kan hijabi ake sa ta, a tattare ƙasan hijabin a cusa ciki, domin dogon mayafi idan ya jiƙe yana naɗe hannu da ƙafa. Maigida ma ya ninke babbar riga ya sa a leda, ya sa ta in an sauka. Goyo kuwa a kwance shi. Uwar da ta faɗa ruwa da jariri a baya, ita za ta ɗago kai ta sha iska, shi yana ƙasa, ba ta kuma iya kai hannu gare shi. A riƙe shi a gaba, a cinya. In da hali ma, jaririn da bai fara zama ba a bar shi gida wurin kaka tare da uwarsa, wata shekarar sa je.

Ka ɗauki jarkoki biyu ko uku marasa komai, masu murfi da ke rufuwa gam, ka ɗaura wa kowace igiya mai tsawo. Ba su maye gurbin riga, amma su ne abin jefa wa wanda ya faɗa. Sauran kaya kaɗan ne: ruwan sha daga gida wanda zai ishi kowa, abin kwashe ruwa guda biyu, tabarma ko buhu na shimfiɗa, malafa, rigunan sanyi na yara, man shafawa saboda iska, da guzurin da ba ya son cokali, irin su ƙuli-ƙuli, dabino, gurasa, dafaffen ƙwai. Wayoyi a sa su cikin leda biyu a ƙulle. Ka bar wa wani a gida sunan mashigin da kuka tashi da lokacin da ya kamata ku isa, domin akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa.

Shiga da zama

Matuƙi ya riƙe jirgi, babban mutum ɗaya ya fara shiga ya zauna a tsakiya, sannan a miƙa masa yara ɗaya bayan ɗaya. Ana taka tsakiyar jirgi ne, a duƙe, hannu biyu a gefe da gefe. Masu nauyi a tsakiya, kaya a ƙasa, kowane yaro da babban da aka ce shi ne nasa. Ka faɗa a fili kowa ya ji: "Yaya, ke ce da Auta. Kawu, ga naka nan biyu." In ba a raba haka ba, kowa zai ɗauka wani na kallo.

Kafin a tura, a yi addu'ar da Annabi Nuhu ya yi, Bismillahi majreha wa mursaha, yara su maimaita. Sai ka kafa doka uku da murya mai nauyi: ba a tashi tsaye, ba a sauya wuri, ba a rinjaya gefe ɗaya gaba ɗaya. Ta ukun ita ake karyawa. Wani zai ce "ga kifi can!" sai kowa ya karkata, jirgi ya sha ruwa. In hula ko takalmi ya faɗa, a bar wa matuƙi ya ɗauko da gora.

A kan hanya

Da kun bar mashigi hayaniya za ta ragu, ka ji ƙarar filafili da kukan kirinjijiya. Nuna wa yara abin da ba sa gani daga mota. Ga zalɓe tsaye a ruwa mara zurfi, bai motsa ba sai da kifi ya zo daidai bakinsa. Ga balbela a bayan shanun Fulani da suka sauko mashaya. A wuraren da ruwa ya kwanta za ku ga bado ya baje ganye, a gaɓa kuma injinan ban-ruwa na ta tuttula ruwa cikin fadamun shinkafa da alkama da tattasai. Idan kun ga wani baƙin gajimare na tashi daga cikin kacala yana murɗawa, tsuntsayen jan-baki ne, abokan gabar manomin shinkafa, kuma wannan ciyawar ce maɓoyarsu.

Za ku riƙa cin karo da masunta. A yi musu sallama da "Allah ya ba da sa'a", a kauce wa kayan sana'arsu. Gorunan da ke yawo a layi alamar raga ce a ƙasa. Idan maiɗakinka na son ɗanyen kifi, a saya a hannunsu, amma matuƙi ne zai haɗa jiragen, kuɗi da kifi su bi ta hannun mutum ɗaya. A nan yara za su koyi bambanta tarwaɗa da karfasa da ƙawara, a kuma gargaɗe su da ƙayar kurungu, wadda sukarta ke da zafi ƙwarai.

Za su roƙe ka wanka idan an tsaya a gaɓa. Ka hana. Ruwan da ya kwanta cikin ciyawa a wannan kwari gidan tsargiya ne. Ƙananan dodon koɗi ke ɗauke da ƙwayar cutar, tana kuma shiga ta fata, ba sai an sha ba. Alwala ma a yi da ruwan da aka zo da shi.

Idan tsautsayi ya gifta, abu biyu za ka riƙe. Wanda ya faɗa, a miƙa masa gora ko a jefa masa jarka, kada kowa ya yi tsalle ya bi shi, domin mai nutsewa yana danne mai cetonsa. In jirgin ne ya kife, kowa ya kama jikin jirgin, na katako ba ya saurin nutsewa, kuma daga nesa an fi hango jirgi a kan kan mutum. Wanda aka tsamo yana numfashi a kwantar da shi a gefensa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a rufe shi. Wanda ba ya numfashi a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, danna 30 huri 2, ba tsayawa. Matsa ciki don a fitar da ruwa ɓata lokaci ne. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti a ranar.

In kun sauka

Ka sallami matuƙi da wuri, ka cika masa kuɗinsa har da na goro, don ya hauro ya isa gida da sauran rana. Ku kuma ku koma ta mota, ko ku kwana. Dawowa ta ruwa da yamma, da gajiyayyun yara, ruwa na turo ku baya, ita ce hanyar da dare ke riskar mutane.

Haɗejiya ba garin da za a shiga a fita a awa ɗaya ba ne. Kogin nan shi ya ciyar da ita tun kafin a san kwalta, kuma masarautarta ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas na Jigawa: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kirikasamma. Ku fara da ƙofar fada. A nan za ka ba yara labarin Sarki Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato ya riƙe ƙasarsa da ƙarfin doki har ya rasu a yaƙin Gogaram a 1863. Sannan na Sarki Muhammadu, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa. Kano ta faɗi tun 1903, amma Haɗejiya sai a Afrilun 1906 aka ci ta da yaƙi, a cikin garin, Sarki da manyan jarumansa suka kwanta dama a rana ɗaya. Shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Ka samu dattijo a unguwannin tsohon gari, ka gaishe shi da kyau, ka roƙe shi ya nuna muku inda ganuwa ta bi. Abin da zai faɗa wa yaranka a tsaye ya fi abin da za ka karanto musu. Ba a ɗaukar hoto a fada sai an tambayi dogarai.

Daga nan sai kasuwar kifi, wadda fatake ke zuwa daga nesa su yi lodin banda a kwalaye. Bar wa uwargida wannan cinikin. Banda mai kyau ta bushe har ciki, tana da ƙamshin hayaƙi, ba ta da laushi a wajen ciki. A ɓare ɗaya a duba, in gari na zubowa ko ka ga ƙananan ramuka, ƙwari sun riga ku. Wadda kuma ke warin magani a bar ta komai arharta.

Mai kwana biyu yana da zaɓi. Garun Gabas na nan arewa da gari a ƙasar Malam Madori, ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai. Ko ku nufi Baturiya a Kirikasamma, dajin fadama da aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008, inda agwagin ruwa da ɗinya da tsuntsayen da suka zo daga nesa ke taruwa da hunturu. Wurin a killace yake, sai an nemi izinin ma'aikatan gandun, su haɗa ku da ɗan jagora, kuma ba a shiga da danƙo ko bindiga.

Bayan kun koma gida, ka sa ido kan yaran na wata biyu zuwa uku, musamman wanda ya faki idonka ya tsoma ƙafa. Idan ka ji yana kukan zafin fitsari, ko aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, a kai shi asibiti a gwada, a gaya wa ma'aikacin lafiya cewa ya shiga ruwan kogi. Maganin tsargiya, praziquantel, da nauyin yaro ko tsawonsa ake auna shi, don haka ba na saye a kanti a ba shi da ka ba ne.